Alwala a Famfon Baba Kuroda

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba aka shiga rabon arziki. Wani ya samu kujera, wani ya samu mota, ni kuwa da nake ƙaramin ma'aikacin ruwa a Yelwan Yauri, sai aka ce sunana ya fito a cikin masu zuwa kwas ƙasar Japan. Abin da za a koya mana, wai yadda ake tace ƙazamin ruwa a sake amfani da shi. Abokaina na bakin kasuwar kifi suka yi ta dariya, suka ce mutumin da ya buɗe ido ya ga kogin Kwara a ƙofar gidansu shi za a kai bangon duniya ya koyo wankin ruwa. Na taya su dariyar, amma na san abin da manyanmu suka hango. Ruwan mahauta da na wankin kifi da na kwatamin unguwanni duk gulbi suke gangarawa, daidai inda mata ke ɗiba, ga kuma masu lambun rani can tudu suna kukan rashin ruwa.

Gara in faɗi halina tun yanzu, don kada a yi mamakin abin da ya biyo baya. A hannun yayan mahaifiyata na tashi, Kawu Liman, mai jan salla a masallacin unguwarmu. A gidansa ko kaza ta sa baki a buta sai an zubar da ruwan an ɗauraye. Na taso da wannan tsantseni har na fi mai kora shafawa. Ina iya haƙuri da yunwa, ina iya haƙuri da sanyi, amma a taɓa mini tsarki, to an taɓa ni.

Masaukin da aka ba mu yana jikin matatar ruwan da za mu yi karatu, a gefen wani gari mai yawan masana'antu. Mu baƙi daga ƙasashe daban-daban ne, ni kaɗai Musulmi. Ranar farko aka shirya mana liyafa, aka kawo mini kifi ɗanye an yanyanka shi a faranti, an yi masa ado da ganye. Ni ɗan Yauri, wanda aka yaye da romon ragon ruwa! Na zauna ina jiran a zo a ɗauka a kai wuta, sai na ga kowa ya sa tsinke biyu yana ci. Na ce a raina, lalle mutanen nan sun ci gaba, har sun wuce wurin dahuwa. Da na koma ɗaki na kwance ƙunshin da Inna ta yi mini, busasshen kifi da yaji da daddawa, na gutsura kaɗan. Ƙamshin hayaƙin nan na bugun hancina sai ga ƙwalla. Na yi kewar gida ƙwarai a ranar, har muryar masu kwalekwale da ke hana ni barcin rana na yi marmari.

Matsalata ta farko alwala ce. Banɗakinsu fes yake, ƙasa a bushe kamar tsakar ɗakin amarya, har da silifa na musamman da ake sakawa a shiga. Babu inda mutum zai tsuguna da buta. Sai na riƙa ɗaga ƙafa ina sawa a kwanon wanke hannu da ke manne da bango. Wata safiya dattijuwar da ke share mana masauki ta shigo ta tarar da ni, ƙafa ɗaya a sama, ruwa ya malale ko'ina. Da faɗa ta yi da na ji sauƙi. Sai ta rusuna, ta jira na gama, ta durƙusa ta goge inda na jiƙa, ta sake rusunawa ta fita. Tsohuwar ta yi sa'ar Inna. Kunya ta hana ni sake kai ƙafata wurin.

Ina cikin neman mafita na zagaya bayan masauki, sai ga wani ɗan lambu da itatuwan da aka yi wa aski, a gefensa famfo gajere daidai tsugunne, an shafa wa bututunsa shuɗin fenti, ga dutse shimfiɗaɗɗe a ƙasa kamar don ni aka ajiye. Akwai wani allo a jikinsa da rubutunsu, amma ni rubutun nan da tsagar gado duk ɗaya ne a wurina. Na murɗa, ruwa ya zubo garau. Abin da ya ƙara sa na so shi, lokacin sanyi ya fara shigowa, ruwan cikin gida kamar ƙanƙara, shi kuwa wannan da ɗan ɗuminsa. Na ce Allah mai kyauta, abin nema ya samu. Na kai butata can na girke, kullum nan nake alwala, in shimfiɗa darduma a ɗaki in yi sallata cikin kwanciyar hankali.

Malaminmu a matatar wani dattijo ne, Kuroda, gajere, mai furfura da tabarau mai kauri. Ni nake ce masa Baba, da na gaya masa ma'anar kalmar ya yi ta murna, shi kuma yana kirana Umaru-san, irin kiran girmamawarsu. Turancinsa gurgu, nawa ma ɗingishi yake, amma muna fahimtar juna. Ban taɓa ganin mutumin da ke son aikinsa kamar tsohon nan ba. Matatunsa na yumɓu yake ɗauka kamar jarirai. Wasu bututai ne farare da aka gasa a wuta, tsawon hannu, cikinsu ramuka a jere kamar saƙar zuma. In an turo ruwa da ƙarfi ta ramukan, sai ya tsattsafo ta jikin yumɓun yadda sabuwar randa ke zufa, laka da ƙwayoyin cuta su rasa hanyar wucewa, don ƙofofin sun yi musu ƙanƙanta. In suka toshe sai a koro ruwa ta baya su wanke. Da na ce masa matan ƙauyukanmu na bakin tafki su ma da yumɓu suke sanyaya ruwa, sai ya ce ashe 'yan'uwansa ne.

Sai kuma wata iska da suke kira ozon. A wurin ake yin ta, a bi da iska ta cikin tartsatsin lantarki, sannan a busa ta a gindin tanki tana tasowa ɓul-ɓul. Warinta irin wanda ake ji ne bayan an yi tsawa. Ita ke cinye launi da wari, ta kashe abin da ya yi saura, ta kuma rage wa matatun toshewa. Baba Kuroda ya ce dalilin da ya sa ya zaɓi yumɓu ke nan, don iskar nan tana cin matatar roba, amma yumɓu ko a jikinsa. Na ji daɗin karatun, har ina hango irin wannan a bayan mahautar Yelwa.

Sai da muka fi wata guda a aji da ɗakin gwaje-gwaje kafin ranar da ya ce zai zaga da mu mu bi ruwan da ƙafa, daga shigarsa har fitarsa. Muka fara daga inda ruwan gari ke shigowa. Subhanallahi! Baƙi ƙirin, na masai da na wanka da na wanke-wanke duk a haɗe, kowa ya toshe hanci. Muka bi shi tanki bayan tanki, yana washewa, ya bi ta yumɓu, ya bi ta ozon, ya fito garau. Ina ta jinjina kai. Daga nan ya shiga wani shuɗin bututu, muka bi bututun ta gefen katanga, muka karya kwana, sai na ga hanyar ta fara yi mini kama da wadda na sani. Gabana ya faɗi. Baba Kuroda ya tsaya, ya nuna da hannu biyu cikin alfahari, ya ce ga inda yake fitowa, da shi ake ban ruwan lambu. Famfona ne, ga butata a gefensa tana jirana.

Wani ɗan Indiya a cikinmu ya taɓa ruwan ya tambayi abin da ya sa yake da ɗumi. Baba ya ce ai ɗumin wankan mutanen gari ne bai gama hucewa ba. Ni dai ban san yadda na kai ɗaki ba. Ruwan da na gani da idona baƙi ƙirin, shi nake wanke fuska da shi in tsaya gaban Ubangiji. Har bakina nake kurkurewa! Rashin sani ya fi dare duhu. Na goge baki da sabulu, na wanke tufafina kaf har da darduma, na zauna na rafka tagumi. Abin da ke ci mini rai ɗaya ne: in ruwan nan najasa ne, to sallolin da na yi tun da na koma famfon nan babu ko ɗaya.

Washegari na fara ramuwa. Na koma banɗaki da ruwan ƙanƙara, in gama in durƙusa in goge ƙasa da kaina. Kowace salla na idar sai in bi ta da 'yan'uwanta na baya. Lokacin cin abincin rana ina kan darduma, lokacin shan shayi ina kan darduma. Gwiwoyina suka yi tsami, na rame, a aji ina gyangyaɗi. Ga shi kuma zuciyata ba ta kwanta ba, don ban tabbata hukuncin da na yanke wa kaina daidai ne ba.

Wata Juma'a na hau jirgin ƙasa zuwa babban birni, inda aka kwatanta mini wani ɗan masallaci a saman shago. Niyyata in tambayi limamin, sai na tarar ba mu da yare ɗaya da shi. Ina ɗaure takalmi na ji an ce, "Ɗan'uwa, daga ina?" Da Hausa! Saura kaɗan in rungume shi. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai haƙorin Makka, Alhaji Dauda, daga zangon Kumasi, yana sayen tsofaffin kayan mota yana turawa gida. Ya ce mahaifinsa babban malami ne, shi ma ya sha karatu. Na zayyana masa damuwata. Ya girgiza kai, ya ce, "Kai, al'amarin ya yi nauyi. Ramuwa kaɗai ba ta isa ba, sai ka haɗa da ciyarwa." Na ce ina zan ga miskini a ƙasar nan? Ya ce, "Baƙo ai miskini ne. Ka ce kana da kifin Yauri?"

Daga ranar duk ƙarshen mako sai ga Alhaji Dauda a masaukinmu. In dafa shinkafa, in yi miya da kifin Inna, ya nannaɗe hannun riga ya ci har yana gumi, ya yi mini addu'a mai tsawo ya tafi. Ranar da na zazzage ƙunshin na nuna masa babu saura sai ƙaya, ya suɗe hannu, ya yi gyatsa, ya ce, "To ai shi ke nan, an yafe maka. Dama ruwan ma ba laifi." Na dube shi, ya dube ni. A nan na gane fatawar tasa a cikin tukunya take. Ban iya yin fushi ba, dariya ce ta kama ni, don ko ba komai na sha hira da Hausa. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ban sake ganinsa ba.

Baba Kuroda ya lura da ramata. Wata rana bayan aji ya tsayar da ni, ya ce, "Umaru-san, ba ka da lafiya? Ko karatuna ne ba daɗi?" Na so in ɓoye, amma idon tsohon ya hana ni. Na yi masa bayani da Turancina mai ɗingishi: yadda muke wanke gaɓoɓi kafin salla, yadda ba a yi sai da ruwa mai tsarki, da inda na yi ta yin tawa. Da na gama sai ya rusuna, irin rusunawar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce rayuwarsa duka a kan ruwan nan ta ƙare. An ce masa ruwansa ya yi tsada, an ce mutane za su ƙyamace shi, duk ya jure, amma bai taɓa zaton zai shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa ba. Na ce ba laifinsa ba ne, ni ne ban iya karatu ba. Bai saurare ni ba. Da na zagaya lambun da safe na tarar an cire kan famfon, an naɗe bakin da leda. Abin ya dame ni fiye da ciwon gwiwata.

Na ga babu sauran dabara sai Kawu. A lokacin wayar tarho a Yelwa sai a ofis. Na buga sakatariyar ƙaramar hukuma, na roƙi wani abokina da ke aiki a can ya ɗauko mini Kawu Liman a babur washegari da hantsi, lokacin mu nan yamma ta yi. Allah ya taimake ni layi ya shiga.

"Ummaru, kai na? Ina jin ka awa kana cikin rijiya. Mi ya hwaru?"

Na gaishe shi a gurguje, na kwashe labari na faɗa masa, tun daga baƙin ruwa har yumɓu da iska. Ina jiran salati da faɗa, sai na ji ya ce, "Dakata. Ruwan nan da kad dube shi, launinai ya sake?"

"A'a, Kawu, garau yake. Ya fi na randar Inna haske."

"Wari hwa?"

"Babu ko kaɗan."

"Ɗanɗano?"

Na ce da can ban sa hankali ba, tun da na san asalinsa kuwa ban ƙara kai shi baki ba.

"To mi kaka so in ce maka? Ni ina Yelwa, halshenka shina Japan. Malamai sun yi magana biyu ga irin wanga, amma abin da nir riƙa, ruwa in ya koma ga asalinai, babu launi, babu wari, babu ɗanɗanon ƙazanta, to ruwa na. Tai ka ɗanɗana tsakaninka da Allah. In ka ji wani abu, ci gaba da ramuwa. In ba ka ji ba, ka bar wahal da kanka, ka kuma bar zargin ruwan mutane."

Kafin in ce a gaida Inna layi ya yanke. Na tsaya riƙe da kan tarho ina jin daɗi da tsoro a haɗe. Hukunci ya dawo hannuna, kuma a bakina za a yanke shi.

Washegari bayan aji na sami Baba Kuroda a ɗakin gwaje-gwaje, na faɗa masa sharuɗɗan nan uku. Ya gyara tabarau. Ya ce launi da wari yana da na'urar da ke auna su, kuma ya san sakamakon, amma ɗanɗano babu na'urar da zai ba ni. Ya ƙara da cewa dokarsu ba ta yarda a sha ruwan ba, abin da allon ke faɗa ke nan. Na ce ba sha zan yi ba, a baki zan riƙe in zubar. Ya yi ɗan tunani, ya ɗauko ƙananan kofunan shayinsa biyu, muka nufi lambu. Da muka isa ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya fito da kan famfon. Ashe tun ranar yana yawo da shi.

Ya kwance ledar, ya ɗaura, ya bar ruwan ya ɗan zuba, ya cika kofunan. Kafin in kai hannu ya riga ni kurɓa, ya riƙe a baki yana kallona ta saman tabarau, kumatu a kumbure. Ba don halin da nake ciki ba da na fashe da dariya. Na karɓi nawa. Baƙin ruwan nan na mashiga ya dawo mini a ido. Na yi bisimilla na kurɓa. Na riƙe shi, na juya shi a harshe, na kai shi dasashi, ina neman laifinsa da gaske, don na san in na yi wa kaina ƙarya ba Kawu na cuta ba. Na nemi ɗaci, na nemi gishiri, na nemi ƙarni ko bashi. Na zubar na sake kurɓa. Babu komai. Ruwa ne kawai, kamar wanda aka tara daga sama a sabon kwano.

Na ce, "Baba, ruwa ne."

Na dubi rana na ga La'asar ta yi. Na tuɓe takalmi da safa, na tsuguna a kan dutsen nan, na nannaɗe hannun riga. Da zan murɗa famfon sai ya riga ni, ya tsuguna a gefena da tsofaffin gwiwoyinsa, yana buɗewa yana rufewa daidai buƙatata har na wanke ƙafafu. Na shimfiɗa rigar sanyina a kan ciyawa na ta da salla. La'asar ɗaya na yi, ta ranar, ba tare da wata na bin bayanta ba. Da na sallame sai na ji wani sauƙi ya sauko mini tun daga wuya har gwiwa, na yi ta hamdala.

Na waiwaya na gan shi tsaye can gefe cikin sanyi, ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ya matso a hankali, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar jikin majinyaci.

"Umaru-san, Ubangijinka ya karɓa?"

Na ce, "Karɓa Shi kaɗai ya sani, Baba, ko a gida haka muke yi muna fata. Amma ruwanka ya yi nasa aikin."

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa, alhali babu abin da ya same su.